Sukuwa Kafin Ƙashi Ya Ƙosa

Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai a Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni



Sa'ad da muka faɗi abin da za mu yi magana a kai, wani abokinmu ya yi dariya, ya ce duk matsalolin da suka dami ɗalibi a rasa wanda za a yi wa lacca sai doki. Muka ce masa ya yi haƙuri ya zo ya saurara, ga shi can kuwa a zaune. Dalilinmu shi ne wani abu da ya faru a kan idonmu, ba nesa da wannan ɗaki ba.

Wata ranar Lahadi da la'asar muna tsaye a bakin wani titi da ya ratso daga Titin Zariya, sai ga samari sun fito hawan angwanci. A cikin dawakin akwai wani dukushi akawali, kyakkyawa, mai dogayen ƙafafu, an ɗora masa sirdi da cikakken kaya, wani ƙosasshen saurayi yana bisa. Ya sake shi a kan kwalta ya yi zamiya, jama'a suka yi shewa. Ya koma ya sake, ya kuma sakewa. A karo na huɗu muka ji ƙara kamar an karya kara, dokin ya kifa, mahayin ya wuntsila can gefe. Da aka taru sai aka ga ƙafar gaba ta dama ta karye ƙasa da gwiwa, tana reto. Wani tsoho da ya yi shekaru yana aikin barga ya durƙusa ya buɗe bakin dokin, ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Samari, wa ya ba ku wannan? Ai ko famfara bai fara ba." Mai hawan ya ce, "Wallahi Baba haya muka karɓo shi." Tsohon ya ce, "To, an girbe shi ɗanye." Kafin magariba an raba dokin da wahala.

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu fassara maganar tsohon nan da ilmin zamani, mu ga abin da yake faruwa a cikin ƙashin dukushi idan aka yi masa gaggawa, sa'an nan mu duba abin da ya rataya a wuyanmu.

Mu da doki

Babu mai koya wa Bakano darajar doki. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Sarautun Madaki da Shamaki da Sarkin Dawaki duk a kan doki suka tsiru. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Turawa kuma da suka zo sun kawo tasu sukuwar ta zagayen fili da ƙwallon doki, ga Filin Sukuwa nan a Nasarawa, maƙwabciyarmu, yana shaida.

Amma dokin da kakanninmu suka riƙe dokin yaƙi ne da tafiya, wanda ran mai shi ya dogara gare shi. Saboda haka ba a ɗora wa dukushi lifidi, domin wanda ya yi haka kansa ya cuta. Yau kuwa doki ya zama na ado da haya da gasa. Wanda ya sayo dukushi a kasuwar Maigatari yana ƙirga kuɗin dawa da harawa kullum, yana ɗokin ranar da zai fara mai da kuɗinsa. Nan gaggawar take shigowa.

Yadda ƙashin doki yake ƙosawa

Da farko ya kamata mu san cewa doki a kan yatsa ɗaya tak yake tsaye a kowace ƙafa, kofato kuwa farcen wannan yatsa ne. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu tsoka, sai ƙashi da jijiyoyi da fata. Ƙafafun gaba su suke ɗauke da kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin jikinsa. In kuwa yana sukuwa, a kowane tsalle akwai lokacin da dukkan nauyinsa da na mahayi suke sauka a kan ƙafar gaba guda ɗaya.

Dogon ƙashi ba daga tsakiya yake ƙara tsawo ba. Kusa da kowane bakinsa akwai wani faifai na guringuntsi, wanda za mu kira matsirar ƙashi. Muddin dabba tana girma wannan wuri da taushinsa yake, sai ta gama sa'an nan ya daskare ya zama ƙashi. A jikin doki wannan daskarewa daga ƙasa take farawa ta yi sama. Ƙasusuwan da suke dab da kofato da na ƙwauri suna rufewa kafin ya cika shekara guda, ko dab da haka. Matsirar da take bisa gwiwar gaba tana kaiwa shekara 2 zuwa 2 da rabi. Na ƙarshe su ne ƙasusuwan gadon baya da wuya, waɗanda ba su gama ƙosawa sai doki ya kai shekara 5 ko 6. Ku lura da wannan, jama'a: wurin da muke ɗora sirdi shi ne na ƙarshe wajen ƙosawa. Dukushi ɗan shekara 2 ya riga ya kusa cika tsayinsa, shi ya sa ido yake ruɗar mai saye, ya ga ingarma alhali kuwa yaro ne.

Allah da ikonsa, sai ya sa wa doki takardar haihuwa a baki. Haƙoran gaba na tsakiya suna famfara a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. In ya cika shekara 5 baki ya cika. Wannan shi ne abin da tsohon nan ya karanta cikin ƙiftawar ido, ba tare da na'urar ɗaukar hoton ƙashi ba.

Icce tun yana ɗanye

A nan wani zai ce, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ba a motsa dukushi ba yaushe zai yi ƙwari? Wannan magana tana da gaskiya, kuma ba za mu ɓoye ta ba don mu ƙawata laccarmu. Tun 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi abu ne mai rai, yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Binciken da aka yi a Niyu Zilan da Ostireliya, aka buga a 2013, ya nuna cewa dawakin tseren da suka fara horo suna da shekara 2 sun fi daɗewa a fage bisa waɗanda aka jinkirta. Ashe dukushin da aka ɗaure a turke dare da rana, da dabaibayi a ƙafa, shi ma an cuce shi.

To, ina matsalar take? Tana wajen yadda ƙashi yake gyara kansa. Duk sa'ad da doki ya yi gudu mai tsanani, ƙananan tsagu da ido ba ya gani suna samuwa a ƙashinsa. Jiki yakan fara da kwashe wurin da ya lalace, wannan cikin 'yan makonni ne. Sa'an nan ya cike gurbin da sabon ƙashi, wannan kuwa watanni yake ɗauka. Tsakanin kwashewa da cikewa ƙashin ya fi kowane lokaci rauni, kamar katangar da magini ya rarake zai yi mata yaɓe. In aka ba da hutu, katangar ta fi da ƙarfi. In aka ci gaba da sukuwa kullum, tsaga ta haɗu da tsaga har ranar da za a ji ƙara.

Alamar farko ita ce ciwon ƙwauri. Gaban ƙwaurin yakan yi zafi, ya ɗan tasa, in ka danna doki ya janye ƙafa, takunsa kuma ya gajarce. A Amurka an taɓa ƙiyasta cewa kusan 7 cikin 10 na dawakin tsere 'yan shekara 2 suna gamuwa da shi. Wani likitan dabbobi na Jami'ar Fensilbaniya, David Nunamaker, ya gano cewa doguwar sukuwa ta kullum ita ce take ƙara wannan ciwo, amma gajeren gudu mai sauri, sau biyu a mako, ana ƙarawa sannu a hankali, yana rage shi. Ita kuwa jijiyar agara da take bayan ƙwauri ta fi ƙashi wuyar sha'ani, domin in ta tsage tana bukatar watanni 9 zuwa shekara guda, kuma ba ta komawa yadda take.

Saboda haka karayar da muka gani ran Lahadin nan ba a ranar ta fara ba. A jihar Kalifoniya tun 1990 doka ta ce duk dokin da ya mutu a filin tsere sai likitoci sun binciki gawarsa. Abin da suka tarar shi ne, fiye da kashi 80 cikin 100 na munanan karaya sun faru ne a daidai wurin da ƙashin ya riga ya sami tsohon lahani. Watau doki ya daɗe yana faɗa da ɗingishi da kumburi, ba a saurare shi ba.

Abin da ya sami waɗanda suka riga mu

A Ingila, a farkon ƙarni na 18, manyan gasanni na ƙosassun dawaki ne, har akwai na 'yan shekara 6, ana gudun mil 4. Da aka kafa gasar Dabi a Efsom a 1780 don 'yan shekara 3, sai hankali ya koma kan gajeren gudu da ƙananan dawaki, domin mai kiwo ya fi saurin ganin riba. Daɗin daɗawa, a ƙa'idar tserensu duk doki yana ƙara shekara ne ran 1 ga Janairu, ko da a wane wata aka haife shi. Don haka wanda aka rubuta ɗan shekara 2 wani lokaci bai cika su ba.

Sakamakon ya bayyana a gaban dubban 'yan kallo. Ran 6 ga Yuli 1975 wata goɗiya 'yar shekara 3 mai suna Ruffian, wadda ba a taɓa cin ta ba, ta karye tana tsakiyar gudu a filin Belmont na Niyu Yok, aka yi mata aiki bai yi ba. A 2006 Barbaro, wanda ya ci Dabin Kentaki, ya karye a gasar da ta biyo baya. Likitoci suka yi wata 8 suna fama, aka kashe kuɗi mai yawa, amma a Janairun 2007 aka haƙura. A 2008 wata goɗiyar, Eight Belles, ta zo ta biyu a Dabin Kentaki, jim kaɗan bayan ta wuce layi ƙafafunta na gaba duka biyu suka karye, a nan fagen aka kashe ta.

Labarin Barbaro yana amsa tambayar da yara sukan yi, wai don me ba a yi wa doki ɗori. Doki ba ya iya doguwar kwanciya kamar mutum, in kuwa ya tsaya a kan ƙafa uku, kofaton ƙafar da ta ɗauki nauyin sai ya kamu da ciwon da yake raba shi da ƙashin ciki. Wannan ciwo shi ya gama da Barbaro, ba karayar ba. In haka ta faru a inda ake da asibitin dawaki, ina ga dukushin da ya faɗi a Tarauni?

Amma akwai darasi mai daɗi a labarin. Ƙungiyar Jockey Club ta Amurka ta buɗe rajistar raunin dawaki, tana rubuta kowace mutuwa. A 2009, cikin kowace fita tsere 1,000 ana rasa doki 2. Bayan dawaki 30 sun mutu a filin Santa Anita tsakanin Disambar 2018 da Yunin 2019, jama'a suka yi ca, majalisar ƙasar ta yi doka a 2020, hukumar kula da lafiyar tsere ta fara aiki a 2022. Aka tsananta binciken likita kafin gudu, aka taƙaita magungunan kashe zafi, aka kula da ƙasar fili. A 2024 adadin ya sauko zuwa 1.11. Ƙirgawa da dubawa su suka rage mutuwar kusan da rabi.

Halin da namu dukushin yake ciki

Mu dawo gida. Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa a kan dukushinmu.

Na farko nauyi. Masana suna ba da shawarar kada ƙosasshen doki ya ɗauki abin da ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. A Dabin Kentaki doki mai kilo 450 zuwa 500 yana ɗaukar kilo 57 ne, mahayi da sirdi duka. Namu dawakin ba su kai wannan girma ba. In dukushi kilo 300 ne, iyakarsa kilo 60 ko da ya ƙosa. Ku auna saurayi mai kilo 70, ku ƙara sirdin itace da zubka da jalala da likkafun ƙarfe, lissafin ya rage naku.

Na biyu ƙasa. Kwalta ba ta lotsawa, duk bugun da kofato ya yi mata sai ta mayar wa ƙashi, ga kuma santsi. Tsandaurin rani ma bai fi ta da yawa ba. Zamiya kuwa, wadda ita ce ƙawar hawanmu, tana tara dukkan ƙarfin gudu a kan gaɓoɓi da gadon baya cikin taku biyu ko uku, da linzami mai kaifi a bakin da yake famfara.

Na uku abinci. Dusa tana da araha, tana kuma sa ƙiba, amma sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, na kalsiyam ya yi kaɗan. Dukushin da aka rena da dusa zalla jikinsa yakan zare kalsiyam daga ƙashi, ya yi sheƙi a waje, ciki kuwa fanko. Harawar wake da ta gyaɗa su suke gyara wannan, kuma muna da su.

Na huɗu, wanda ya fi muni, rufe ciwo. Zafi shi ne kaɗai harshen da doki yake da shi. In ya yi ɗingishi aka yi masa allurar kashe zafi don kada a rasa hayar ranar, an toshe masa baki ke nan, an kuma sa ran mahayi a hatsari. Kada mu manta, sau da yawa yara ne a kan waɗannan dawaki. In dokin ya kifa, shi an gama da shi a nan, yaron kuma sai Asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙashi a Dala.

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce

Kada wani ya ce wannan tausayin dabba ra'ayin Turawa ne. Buhari da Muslim da Muwaɗɗa duk sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina, ya raba su kashi biyu. Waɗanda aka horar aka shirya su sun yi gudu daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, mil 5 ko 6. Waɗanda ba a horar ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Bani Zuraiƙ, kimanin mil 1. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa an ba dawakin da suka cika baki, watau 'yan shekara 5, nisan da ya fi na sauran. Nisa gwargwadon horo, nisa gwargwadon shekaru. Dokar Final Kod ta Arewa ma, wadda ta fara aiki a 1960, ta zo da hukunci a kan zaluntar dabba da ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Abin da muka rasa shi ne aiki da abin da muka sani.

Abin da muke kira a yi

Ga masu dawaki, shawararmu ita ce a saba wa dukushi da hannu da ragama tun yana ƙarami, a riƙa sakinsa a fili ya yi guje-gujensa. Kada a hau shi sai ya fara famfara, shi ma yaro marar nauyi, tafiya da sassarfa. Gajeren gudu ya biyo baya a kan ƙasa mai laushi, da ranakun hutu a tsakani. Cikakken kaya da jahi da zamiya a bar su sai baki ya cika. Kowace safiya ɗan barga ya shafa ƙwauri da agara, in ya ji zafi ko kumburi a sauke sirdi a nemi likitan dabbobi, kada a yi lalas. Dokin da ya yi doguwar jiyya ko hutu kuma kada a mai da shi sukuwa rana ɗaya. Doki yana iya rayuwa shekara 25 zuwa 30. Wanda ya ƙi haƙurin shekara 2 ya yi asarar 20, sauri ya haifi nawa.

Ga masu shirya gasa, a buɗe bakin kowane doki kafin a rubuta sunansa, a raba nisa bisa shekaru, likita ya ga takunsa, a kuma kaftu fili a yayyafa ruwa. Duk wannan bai kai kuɗin kofi ɗaya ba.

Ga hukuma, rundunar 'yan sandan Kano ta sha hana hawan kilisa a titunan gari saboda hatsari da rigingimu, kuma muna ganin dalilinta. Sai dai hani kaɗai ba ya cire son doki daga zuciyar saurayi. A ware musu fili, a sa ƙa'ida, a yi wa masu ba da haya rajista.

Mu kuma ɗalibai namu aikin shi ne ƙirgawa. Masu karatun likitan dabbobi a nan Kano da Zariya da Sakkwato suna neman abin da za su yi bincike a kai. Ga shi nan: littafi guda a kowace barga da kowane filin sukuwa, a rubuta shekarun doki, da irin raunin, da irin ƙasar da ya faɗi a kai. Ku kuma ma'aikata, gobe takardar neman izinin hawa a teburinku za ta sauka, a sakatariyar Unguwa Uku ko a ma'aikatar gona. Kafin ku sa hannu ku tambaya, wa zai duba bakin dawakin?

A ƙarshe, duk wanda a cikinmu ya tashi aure abokai suka ce sai an yi hawa, ya je bargar da kansa, ya ce a buɗe masa baki. In ya ga ƙananan fararen haƙoran nono jere, ya ce a kawo wani.